Batirin Baban Yara

Ranar da Baban yara ya jawo abin nan zuwa ƙofar gidanmu a Dagenham, wata unguwa a London, ina tsaye a tagar kicin ina wanke shinkafa. Na ɗauka wani ƙaton akwati ne aka sa wa tayoyi biyu. Tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, farin fentinsa ya tsufa ya koma ruwan madara. Ya fito daga mota da wani irin murmushi da na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya yafuto ni da hannu.

"Maman yara, fito ki ga gidanki na biyu."

"Na farkon ma ban gama share shi ba," na ce masa.

Bai kula ni ba. Ya kwance wasu ƙugiyoyi, ya ɗaga murfi, ya jawo gado ta wannan gefe ya jawo wani ta wancan, ya tura ƙarafa sama, sai ga akwati ya zama ɗaki mai rufin tamfol. Ashe 'yar tirelar kwana ce, irin wadda ake ja da mota a tafi yawo. A ciki akwai kujeru da teburi, da ɗan murhun gas, da wurin wanke kwano, da firji ƙarami. Warin danshi ya cika ta. Wai a hannun wani tsohon Bature ya sayo ta, wanda matarsa ta rasu, ya ce shi da fita yawo sun yi sallama. Wannan labarin bai yi min daɗi ba.

Na san abin da ya sa ya saye ta. Kafin mu zo ƙasar nan direban babbar mota ne. Ya kan ba yara labarin yadda yake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa a hanyar Jos zuwa Maiduguri, iska tana kaɗa shi har gari ya waye. A London kuwa aikin gadi ya samu a wani sito da babu ko taga, ya dawo gida ya shiga ɗakin da muke rufe ko'ina saboda sanyi. Ikilisiyarmu tana yin taron shekara a lokacin zafi, a filin wani manomi can bayan gari. Mutane su kan kafa tanti su yi 'yan kwanaki ana sujada da waƙa da dafe-dafe. Mu kullum da safe muke zuwa mu dawo da yamma, don gwiwata ba ta yarda da kwanan ƙasa. Duk shekara in muka shiga mota za mu dawo, sai ya riƙa waiwayen tantunan nan har su ɓace. Yana so ya kwana a waje ko da sau ɗaya ne, ya ji iska a fuskarsa. Wannan shi ne duk abin da yake nema.

Sai dai akwai maganar mashin. Baban yara yana da minshari tun yana saurayi, amma da girma ya zo sai abin ya canja. Yana cikin barci numfashinsa ya tsaya cik, ƙirjinsa ya daina motsi, in yi ta jira, sai can ya zabura kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ko a kujerar falo barci ya ɗauke shi da rana haka yake yi. Na dame shi har ya yarda muka je asibiti a Whitechapel. Suka ba shi wani mashin mai girman burodi, da tiyo da takunkumi da ake ɗaurawa a hanci, yana hura masa iska. Likita ta ce kada ya kuskura ya kwanta babu shi, balle a ce zai yi tuƙi washegari.

Mashin ɗin ya taimake shi ƙwarai, amma kunyarsa yake ji. Shi dattijon ikilisiya ne, shi ne mai zuwa gaida marasa lafiya, bai saba a zo gaishe shi ba. In za mu yi baƙi sai in naɗe mashin a tsohon zane in tura shi ƙasan wadirob. Ya ce min, "Ko Fasto kada ya ji. Ba na son a tsaya a gaban jama'a a ce a yi wa Dattijo addu'a yana kwana da tiyo a hanci kamar giwa." Na yi masa alkawari.

Ni kuma mace ce mai yawan damuwa, na san halina. Ina iya kaiwa tashar bas in dawo in duba ko na kashe gas. Karatuna a firamare ya tsaya, Turancin takarda da ƙyar nake bin sa, don haka duk abin da ban gwada da hannuna ba hankalina ba ya kwanciya da shi. Tambayata ta farko a cikin tirelar nan ita ce ina za a jona mashin.

Baban yara ya yi dariya. Ya ɗauko wata doguwar waya mai ruwan lemo, ya cusa shuɗin kanta a wani rami a jikin tirelar daga waje, ya zura ɗaya ƙarshen ta tagar kicin ya jona a bango. Ya nuna min soket guda biyu farare, masu rami uku irin na cikin gida. Ya jona butar shayi, ruwa ya tafasa.

"Kin gani? Ga kuma batir nan a ƙarƙashin kujera. In babu wutar gari sai ya karɓa, kamar inbatan ƙanena a Kaduna. In an ɗauke wuta kin taɓa ganin fankarsu ta tsaya?"

Na ce ban taɓa gani ba. Amma abin ya kwana yana cina. Washegari da ya tafi aiki na je na zare wayar ruwan lemon daga bango, na shiga tirela na jona buta. Shiru. Na ce ko butar ce, na kawo dutsen guga. Shiru. Na kawo cajar waya na gwada soket ɗin duka biyu, na juya makunni sama da ƙasa. Babu komai. Amma fitilun rufi suna kamawa, famfon wanke kwano ma yana zubo ruwa. Na zauna a kan kujerar da batir yake ƙarƙashinta, na ɗauka ni ce na lalata wani abu.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne da ya yi aiki a kamfanin motoci na unguwar kafin ya yi ritaya, shi ma ya taɓa mallakar irin wannan tirela. Ya hango ni ta kan shinge ina shiga ina fita da dutsen guga, ya tambaya ko lafiya. Ya shigo ya yi min bayani a hankali, yana nunawa da yatsa, in ban gane ba ya sake. Ashe wuta iri biyu ce a cikin tirelar, kuma ba sa haɗuwa. Fararen soket na wutar gida ne, ba sa rayuwa sai an jona wayar ruwan lemo a gida, ko a turken wuta irin wanda ake kafawa a wasu wuraren shaƙatawa. Batir kuwa ƙaramar wuta yake bayarwa irin ta mota. Ita ce ke kunna fitilu da famfo, da wani zagayayyen rami guda ɗaya kusa da ƙofa, irin ramin kunna sigari na mota. Babu inbata a ciki. Batirin kuma wayar ruwan lemo ce ke cika shi. In ka shiga filin da babu turke, abin da ka zo da shi ke nan, duk abin da aka ɗiba ba ya dawowa. Ya nuna min wani ɗan gilashi mai allura a gefen kujera. In ka danna maɓalli allura ta tashi ta tsaya a kore, ko rawaya, ko ja.

Filin manomin nan babu turke ko ɗaya. Ciyawa ce da shanu a bayan waya.

Da yamma na gaya wa Baban yara. Bai yarda ba sai da ya je ya gwada da kansa, ya daɗe a can. Da ya dawo ya ce, "Ke dai in ba ki nemo abin da zai hana mutum jin daɗi ba, abinci ba ya wuce miki." Maganar ta yi min zafi. Amma da ban gwada ba, da sai mun je filin ya sa takunkumi ya danna mashin ya ji shiru.

'Yarmu ta fari ce ta nemo mafita. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta bincika a wayarta, ta yi mana oda ta wata 'yar waya da aka yi don irin mashin ɗinsa, mai shiga zagayayyen ramin nan. Baban yara ya sauya batirin da sabo, don tsohon ya daɗe a ajiye ba ya riƙe wuta. Wata Lahadi bayan sujada muka yi gwaji. Muka zare wayar ruwan lemo, ya kwanta barcin rana a gadon tirela da takunkuminsa, ni kuma na zauna a gefen allura. Mashin ɗin yana da ɗan tankin da ke ɗumama ruwa don kada hanci ya bushe, muka kashe wannan don an ce shi ne mai shan wuta. Ya yi barci mai nauyi, tamfol yana kaɗawa a kansa. Ni ko ina ta danna maɓalli har yatsana ya yi ciwo. Allura ta ɗan sauka kaɗan, amma ba ta bar kore ba.

Tsohon nan maƙwabcinmu ya ce batirin zai kai mu ƙarshen taron da ƙyar, in dai ba a jona masa wani abu ba. Ya ce ko fitilun rufi mu bar su, mu riƙe tocila. Na sa Baban yara ya maimaita da bakinsa.

"Na ji. Ba wanda zai taɓa shi. Batirin hancina ne."

Kafin ranar tafiya na bar wayar ruwan lemo a jone har allura ta kai ƙarshen kore. Na naɗe mashin a zane na sa shi a jakar da nake zuba garin tuwo, na ɗora kuka da daddawa a sama.

Mun isa filin da hantsi. Ana ganin mota da akwati a baya aka fara taruwa. Da Baban yara ya ɗaga murfi ya jawo gadaje, sai tafi da guɗa. Fasto ya leƙa ya ce, "Dattijo, ai kai otal ka kawo mana." Yara suna hawa suna sauka. Baban yara yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa, yana nuna wa maza inda ƙarafan suke haɗuwa. Na yi shekaru ban ga ya miƙe tsaye haka ba. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata budurwa daga cikin mawaƙa ce ta fara. Ta shigo da cajarta ta cusa a farin soket, ta duba waya, ta ce, "Baba, soket ɗinku ba ya aiki fa."

Da ya bar ta haka da shi ke nan. Amma a gaban mutane aka ce abinsa ba ya aiki. Ya ce, "Wancan na wutar gida ne. Kawo ki gani." Ya je mota ya zaro 'yar cajar da yake amfani da ita, ya sa a zagayayyen ramin, wayarta ta kama. Na kalle shi. Ya ce, "Waya ɗaya ce, Maman yara. Me waya take ci?"

Gaskiyarsa ne, waya ba ta cin wani abin kirki. Amma budurwar ta fita tana cewa akwai wuta a tirelar Dattijo.

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san yadda abin yake. In an ɗauke wuta, gidan da janareta yake ƙara nan ake kai wayoyi. Ba a ma neman izini sosai, sallama kawai ake yi a ajiye a kan taga. Ni kaina na sha aika tocila da waya gidan maƙwabta kafin mu taso. Wanda ya hana kuwa, unguwa ba ta mantawa da shi, har 'ya'yansa ana nuna su. Mutanen da ke filin nan duk da wannan suka girma. Ba mugunta suka yi mana ba.

Bayan wayoyi sai masu katifar iska suka zo da ɗan injin da ke hura ta, mai ƙara kamar injin niƙa. Ana jawo katifa har bakin ƙofa a hura, a tafi, wani ya kawo tasa. Sai shugabar zumuntar mata ta iso, 'yan mata biyu suna ɗauke da wata babbar kula mai waya a jiki. Mace ce mai jiki da murya, mun yi shekaru muna zama a benci ɗaya.

"Mama, Allah ne ya kawo ku. Kajin gobe ne a ciki, ƙanƙarar duk ta narke a hanya. A mota nake jona ta, amma maigida ya ce za ta kashe masa batir."

"Namu ma batir ne," na ce.

"Naku ai na gida ne, babba. Matsa min."

"Ga firji nan yana aiki da gas, a zuba a ciki."

Ta buɗe firjin ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wannan ko cinya huɗu ba zai ci ba. Kajin jama'a guda nake miki magana."

Wani ya kawo wani abu mai baki uku aka cusa a ramin, ya zama kula da wayoyi duk suna sha lokaci ɗaya. Fankar kular ta fara juyawa. Na danna maɓalli. Allura tana kore, amma ba inda na bar ta ba.

Na ja Baban yara bayan mota.

"Ka yi min alkawari."

"To me kike so in yi? In ce wa matan ikilisiya su zubar da kaji?"

"Bari in gaya wa shugaba ita kaɗai. In ta san dalili da kanta za ta zare."

"Ki gaya wa shugaba? Kafin a yi addu'ar abinci har mutanen Croydon da ke can wani gefen London sun ji." Ya rage murya. "Maman yara, kada ki tona ni a filin nan. Zuwa anjima za su cire."

Ba su cire ba. Bayan abincin rana shugaban mawaƙa ya zo, wani matashi mai fara'a da ke kirana Mama tun yana makaranta. Manomin ya hana kunna janareta saboda shanunsa, su kuma sun zo da molo na lantarki da lasifika. A hannunsa akwai wani ɗan ƙarfe mai wayoyi biyu, ja da baƙa, masu baki kamar na kada. Ya ce inbata ce. Ramin bakin ƙofa ba zai ɗauke ta ba, sai an maƙala a kan batirin kansa. Ya durƙusa zai ɗaga kujera, sai na zauna a kai.

"Mama, ɗan tashi kaɗan."

"Ba za a taɓa wannan ba."

"Haba Mama, aikin Ubangiji ne fa. Waƙa biyu uku kawai."

"Ku yi da ganga. Da can da me ake yi?"

Mutanen da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya. Shugabar mata ta ce, "Ku bar ta, an naɗa ta sarauniyar batir. Mama, in an tashi taro za ki tafi da ragowar wutar gida ki yi miya da ita ne?" Aka ƙara dariya. Ba da ƙeta ta faɗa ba, haka muke wasa da ita kullum. Amma amsata tana cikin jakar garin tuwo, a ƙarƙashin kuka.

Na ɗaga kai na nemi idon Baban yara. Yana tsaye kusa da Fasto. Ya kalli ƙasa, sannan ya ce, "Maman yara, tashi a yi wa Allah waƙa."

Na tashi.

An yi waƙa mai daɗi a ranar, haka kowa ya ce. Ni ban ji ta ba. Ina zaune a cikin tirela ina danna maɓalli. Allura ta bar kore ta shiga rawaya tun rana tana sama. Da na ga babu kowa na zare wayar kular a hankali, na zauna kamar wadda ta yi sata. Ba a jima ba shugaba ta zo ɗaukar albasa, ta ji fanka ta yi shiru, ta ce yara ne suka taka wayar, ta mayar. Na yi tunanin in fito tsakiyar fili in faɗa da ƙarfi kowa ya ji, in ya so ya yi fushi da ni har ƙarshen shekara. Na kai bakin ƙofa ma. Sai na hango shi a gaban jama'a yana rawa a hankali, yana ɗaga hula, mutane suna kewaye shi. Na koma na zauna.

Wajen la'asar sakaliya inbatar ta fara wani kuka siriri. Ana tsakiyar waƙa lasifika ta yi ƙara ta mutu. Shugaban mawaƙa ya zo ya cire bakin kadansa yana dariya. "Baba, batirinka ya gaji, mun gode ƙwarai." Fankar kula tana juyawa da ƙyar. Na kunna fitilar rufi don in gani, ta kawo wani haske ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Allura tana can ƙasan ja, ko motsi ba ta yi sosai. Shugaba ta sa aka kwashe kajin a soya su tun yau. Masu wayoyi suka zo suka ɗauki abinsu, kowa yana godiya.

Baban yara ya shigo ya danna maɓallin da kansa. Sannan ya fita, ya matso da mota, ya haɗa wayar da ke tsakanin mota da tirela, ya tada inji. Ya ce in ana tafiya mota tana ɗan ba batirin wuta, to bari ta ba shi a tsaye. Inji ya yi ta aiki, hayaƙi yana bin tantunan mutane. Allura ta ɗan ɗaga kai kamar za ta yi wani abu. Can sai mai kula da filin ya zo ya ce a kashe, ba a barin inji yana aiki inda yara suke wasa. Ana kashewa allura ta koma inda take.

Muka zauna a ciki mu biyu, ya ja zif ɗin ƙofa. A waje ana hura wuta, ƙanshin soyayyen kaza ya cika filin. Hadari ya fara haɗuwa ta yamma.

"Zan kwana haka," ya ce. "Shekara nawa na yi ina barci kafin a ƙirƙiro wannan abin?"

"Ka ji abin da likita ta ce."

"Likita ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba."

"To ka kwanta. Ni zan zauna a gefenka, duk sanda numfashinka ya tsaya in girgiza ka. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ranar komawa kuma ka ja wannan akwatin a babbar hanya da idon da bai yi barci ba, ni ina gefe. Ko kuma ka bar ni in je in roƙi wani ya ciro mana batirin motarsa. Amma sai na faɗi dalili."

Yana zaune a bakin gadon da ya jawo da safe, na riga na shimfiɗa masa zanen gado sabo. Ya buɗe 'yar tagar raga da ke gefen matashin kai, iska mai ƙanshin ruwa ta shigo. Ya sa tafin hannunsa a jikin ragar ya bar shi a wurin.

Daga nan ya tashi ya sa hularsa.

Akwai wasu matasa miji da mata da jaririnsu, tantinsu ya ƙi tsayuwa tun rana, sanda ɗaya ta karye suna ta ɗaure ta da igiya. Wurinsu ya nufa. Ya ce su kwaso kayansu su shiga tirela, ruwa yana zuwa. Sannan ya wuce wurin Fasto, ina biye da shi da jakar garin tuwo a hannu.

"Fasto, za mu koma gida. Maman yara ba ta jin daɗin jikinta."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Ni ma ban san zai faɗa ba. Kafin in buɗe baki mata sun kewaye ni, wata tana taɓa goshina, wata tana tambaya ko hawan jini ne. Fasto ya ɗora min hannu a kai ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Ubangiji ya tsauta wa ciwon da ke jikina. Jama'a suka ce amin. Na sunkuyar da kai, na rasa ko in ce amin ko kada in ce.

Kafin mu tafi na koma na ja matar nan mai jariri gefe. Na nuna mata fararen soket na ce kada ta wahalar da kanta, matattu ne a nan. Na ce fitila ma ba za ta kama ba, na ba ta tocilarmu. Na nuna mata inda ake rufe gas, na sa ta rufe ta buɗe a gabana, na ce kada ta kunna murhu don jin ɗumi in sun rufe ƙofa. Ta ce, "Mama, ke da ba ki da lafiya, je ki huta." Na sake nuna mata wurin gas ɗin duk da haka.

Muka kama hanya ruwa yana fara sauka. Motar ta yi sakayau babu komai a bayanta. Har muka shigo Dagenham bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Bayan an tashi taro matashin nan mai jariri ya jawo mana tirelar har gida, ya yi ta godiya, ya ce jaririn bai taɓa barci mai daɗi irin na cikinta ba. Baban yara ya ce madalla. Ya tura ta gefen shinge ya rufe da tamfol, bai ko buɗe ta ya shanya ba. Ni ce na tuna masa cewa batir in ya zauna babu wuta lalacewa yake yi. Ya ce in bar shi.

Ranar Lahadi ina shiga harabar coci aka fara. Mama ya jiki, Mama ya ƙarfin jiki, an je asibiti kuwa? Ina ta cewa da sauƙi. Bayan sujada shugabar mata ta tare mu a bakin ƙofa da wani filas a hannu, ta ce farfesu ne ta yi min. Idonta ya kawo ruwa.

"Ki yafe min, 'yar'uwa. Ina ta tsokanarki a kan batir, ashe ciwo ne yake cin ki kika ƙi faɗa. Shi ya sa na ga ranki a ɓace tun safe. Dattijo, kai ma da laifinka, da ka gaya mana tun farko."

Baban yara ya miƙa hannu biyu ya karɓi filas ɗin.

"Haka take," ya ce. "Ba ta son a sani."